Maruƙa Biyu na Bakin Dangwali

Da safiyar Asabar Malama Batula, mai koyar da ilimin sinadarai a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke bayan garin Tambuwal, ta buɗe sitonta don darasin 'yan ajin ƙarshe, ta tarar an ɓalle sakatar taga, kwalba ɗaya kuma ta yi ƙafa. Kwalba ɗaya tak, wadda ba ta fi ta maganin tari girma ba. A wani garin sai a ce Allah Ya mayar da alheri, a kira kafinta. Amma mu a shekarun nan da kowa ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda mutanen daji, ba ma jin kalmar sinadari mu zauna lafiya. Kafin hantsi kwalbar ta zama jarka a bakin masu shayi, kafin azahar ta zama durom, kuma kowa ya rantse ya san abin da za a haɗa da ita.

Shugaban makaranta, Malam Attahiru, ya aika a kira Maccido mai bin sawu. Shi ne ake nema in an kore wa mutum shanu, daga Sanyinna har gefen Kebbe, kuma ba kasafai yake dawowa hannu rabbana ba. Yana da gonarsa da 'yan shanunsa, ba ya rigima da kowa. Aibinsa ɗaya, yana son a zagaye shi ana kallo in yana aiki. Ranar kuwa ya samu 'yan kallo har bisa katanga.

An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa ta yi laushi. Maccido ya tsuguna a ƙarƙashin tagar, ya ga abu biyu. Akwai sawun takalmin taya wanda mai shi ke jan ƙafar hagu, akwai kuma wata shara mai faɗi da ta bi gindin bango ta fita ta ƙofar baya.

"Ɓarawo ya share sawunai da reshe," in ji shi, yana ɗaga murya don na bayan su ji. "Amma ya mance da wanga. Wa ka jan ƙafar hagu nan makaranta?"

Idanu suka juya kan Na'iya maigadi, dattijo mai furfura, mutumin Kebbe da ke bakin daji.

"Sawuna na, ban musu ba," in ji Na'iya. "Nan nika fakewa in rana ta yi zafi. Jiya ko da anka yi kiran Jumu'a na tafi masallaci awa kowa."

"Kab bar ƙofa ba kowa?" Shafi'u ne ya tambaya, shugaban 'yan sa-kai na unguwar. "Kuma kowane sati kana hanyar Kebbe ko?"

"Iyalina na can."

"Kebbe," Shafi'u ya maimaita, ya dubi jama'a. Bai ƙara komai ba, jama'a suka ƙarasa masa sauran a zuciyarsu.

Malam Attahiru ya yi ta roƙo har aka yarda a kulle Na'iya a ɗakin gadinsa zuwa Litinin. In kwalba ba ta fito ba, su Shafi'u za su tafi da shi su tambaye shi a wurinsu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mutum ke dawowa daga irin wannan tambayar, in ya dawo, ya san abin da aka yanke wa tsohon.

Maccido ya fito ana yi masa jinjina, amma tun kafin ya kai bakin titi sawun ya dawo masa a rai. Wanda ya hau taga yakan kafa yatsun ƙafa ya bar rami. Sawun Na'iya a kwance yake, na mai tsayuwa a inuwa, ya ma ba taga baya. Ya ga haka tun yana tsugune. Ya gani sarai, amma mutane na jira, shi kuma bai saba tashi ba suna a bakinsa ba.

*

Bai iya cin abincin rana ba. Ya tada babur ya kama hanyar Kebbe, domin an tsegunta masa cewa an ga Na'iya ya kai wa surukinsa Atu wata kwalba. Atu mai fentin gadaje ne, sana'arsa ta kwalabe ce masu wari. Allah Ya gani, Maccido addu'a yake yi a ransa ya samu kwalbar a can. Da ya same ta, da maganarsa ta safe ta zama gaskiya, ya huta.

Labari ya riga shi isa. Atu na ganinsa ya aje buroshi, ya ƙi miƙa masa hannu.

"Kai na mai sawun? Kwalba kaka biɗa? Ga ta." Ya shiga shago ya fito da ita ya dangwara a gabansa. "Shinshina. Zuma ta, yak kawo ma ɗiyatai mai tari. In da zuma aka ƙone gari, to kama ni."

Zuma ce, har da ƙudan da ya mutu a ciki.

"Zo ka ga aikinka," in ji Atu, ya ja shi zuwa ƙofar gidan Na'iya. Nana matar Na'iya na zaune gaban kaskon ƙosai, tire cike, wuta ta mutu. Tun da labari ya zo ba wanda ya tsaya saye. Yaran unguwa sun bi ƙaramar 'yarta daga rijiya suna kiranta ɗiyar infoman 'yan daji, ta dawo ba bokiti.

Da Nana ta zage shi, da ya ji sauƙi. Sai ta tashi ta ɗebo masa ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa.

"Kun sha hanya, Malam. Maigidana ya ci abinci kuwa? Ba shi cin komi in ba a jiƙa mai ba, haƙoranai sun zube."

Maccido ya karɓi kwanon, ya aje bai sha ba. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya ce bai sani ba, ya yi sallama ya tafi.

*

Washegari da hantsi ya sa aka kira Malama Batula ta buɗe masa siton. Jiya ko leƙawa ciki bai yi ba.

"Malama, kar ki ji haushi. Ke kaɗai as san abin da ke ciki nan."

"Watau ni kaka zato?" Ta karkaɗa masa mabuɗi a fuska. "In ni ta, mi za ya sa in ɓalle taga?"

Ya haɗiye wannan. Ya dubi kantoci, kwalabe jere kamanninsu ɗaya, ba suna a jikin ko guda, sai haruffa da lambobi.

"Ni nic cire sunayen," in ji ta. "Yara na haddace suna su ƙi lissafi. Yanzu in kana son kwalba, sai ka fidda fomularta da kanka."

"To ɓarawon ɗiba ɗai yay yi, ko zaɓe yay yi?"

"Abin da ad dame ni ke nan. Ga sikeli mai tsada bai taɓa ba. Wadda yaɗ ɗauka ko amfani da ita ba mu yi."

Maccido ya bar ta tana magana, ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ba a share siton sai ƙarshen zango, ƙura ta kwanta a kantar ƙasa. A nan ya ga an yi zane da yatsa. Dogon layi ne da ƙulli goma, kowane ƙulli da ɗan zare sama da ƙasa, an soke shida daga cikin zaren, sannan a bakin layin nan da can an zana turke. Ya daɗe yana kallo.

"Malama, wa ka kiwon maruƙa cikin sitonki? Wanga ai dangwali na."

Dangwali kowa ya san shi a gidan masu shanu, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere lokacin tatsa. Malama ta sunkuyo, ta dafe ƙirji.

"Nawa na. Da shi nika koya musu." Ta tsuguna kusa da shi tana nunawa ba tare da ta taɓa ba. "Irin mayukan ga, abu biyu ɗai ag garesu, kabon da haidurojin. Kowane ƙulli kabon na. Maruƙa su na haidurojin. Ƙulli guda na ɗaukar maraƙi biyu, dama da hagu. Sannan bakin igiya nan da can, maraƙi ɗai-ɗai. Kabon goma ke nan na ɗaukar ashirin da biyu in igiya ta miƙe sak. To amma duk inda igiya tak kama kanta, ko ta yi zobe ko ta ruɓanya, maruƙa biyu sun rasa wuri. Wannan shi muka ce ma giɓi. In na gaya ma kabon nawa da giɓi nawa, kai ka fidda haidurojin."

"Nan an soke shidda."

"Giɓi ukku ke nan. Kabon goma, giɓi ukku." Muryarta ta sauka. "Man tafentin. Ni nib ba su shi aikin gida sati biyu da sunka wuce. Har nic ce musu da can likitocin dabbobi da shi suka fidda tsutsa ga gyambo. Ashirin da biyu a cire shidda, sha shidda." Ta miƙe ta ɗauko wata kwalba mai rubutun C10H16. "Ga shi nan, ba a taɓa shi ba. Wadda ta ɓace ta kusa da shi ta, C10H14."

"Ƙaƙa anka yi hakanan?"

"Diba bakin igiyar. Bai sa maruƙan baki ba, turke yas sa. Ashirin yal lissafa, yac cire shidda, yas samu sha fuɗu." Ta girgiza kai. "Shekara da shekaru ina faɗa da kuskuren ga. Ɗiyan 'yan kasuwa ba su yin shi, abin da nic ce shi suka rubutawa. Ɗiyan masu shanu ɗai ka yin shi, don sun san ba a ɗaure maraƙi ga bakin dangwali. Hannunsu ba shi yarda."

"Su nawa ag gare ki cikin ajin?"

"Ukku. Akwai Gazali, akwai Rufa'i..." Ta mayar da kwalbar inda take, ta daɗe tana gyara mata zama.

Bai buƙaci ta faɗi na ukun ba. Lokacin Jumu'a aka bar ƙofa ba kowa, kuma a lokacin duk namijin da ya isa sallah yana masallaci. Sharar da ya gani a gindin bango kuwa ba reshe ba ne, reshe kan bar ƙarce. Gefen dogon hijabi ne ke ja a ƙasa. Ya kai hanci inda kwalbar ta bar da'ira a kanta, ya ji wani wari mai kama da fetur da ɓawon lemo. Tun yammacin Jumu'a yake jin warin nan a garkensa, yana ce ko babur ne ke yoyo.

Hannun rigarsa na daf da zanen. Shafa ɗaya ta isa ta goge shi, kuma ya ga Malama ta juya baya da gangan. Ya janye hannunsa, sannan ya miƙe ya ce ta kulle siton kada kowa ya shiga.

*

Jan san da yake huɗa da shi na kwance a gindin tsamiya. Karkiya ta ci masa wuya tun farkon damina, gyambon ya yi tsutsa, Maccido na ta cewa gobe zai kai shi wurin likitan dabbobi. Yanzu fatar da ke kewaye da ciwon ta saluɓe ta yi ja. 'Yarsa Ni'imatu na zaune kusa da shi tana kore masa ƙuda da mafici. Ita ce ta farko a gidan da ta kai ajin ƙarshe, jarrabawar fita kuma ta ƙarato.

Ya zauna a kan turmi. "Ni'imatu, maraƙi nawa aka ɗaurewa ga bakin dangwali?"

"Haba Baba, baki ai turke na..." Ba ta ƙarasa ba. Mafici ya faɗi daga hannunta.

"Ina kwalbar?"

Ta tona ƙarƙashin harawa ta fito da ita, saura rabi. Hawaye ya ɓalle mata.

"Cewa niy yi in zuba mai kaɗan in maida Litinin ba wanda yas sani. Sakatar ta lalace tun dauri, ina turawa tak karye. Da nij ji an kama Baba Na'iya na so in faɗi, wallahi na so, sai nij ji an ce kai kan nuna shi. In na faɗi na ƙaryata ka gaban gari."

"Mi as sa ba ki tambayi malamarku ba?"

"Ba ta ba da kayan sito. Kuma kai kac ce..." Ta share fuska da hijabi. "Rannan da baƙi sunka zo diba san, kac ce shekara shidda ina karatun magunguna, ko tsutsa guda ban iya kashewa ba. Sunka yi dariya."

Ya tuna. Shi wasa ya ɗauke ta, ya faɗa ne don baƙi su yi dariya, suka kuwa yi. Ya dubi yarinyar, ya dubi san, ya rasa wanda zai fara ba haƙuri. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ko a wannan lokacin wani sashe na zuciyarsa na lissafin yadda za a jefa kwalbar a masai a yi shiru. Ya tsani kansa da wannan tunanin, amma tunanin bai tafi da wuri ba.

*

Ranar Litinin da safe aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro na harabar makaranta. Malam Attahiru na kan kujera, Shafi'u da yaransa na tsaye da gorori. An zo da Atu daga Kebbe don a ji ta bakinsa, an zaunar da Malama Batula gefe domin har yanzu wasu na cewa mai mabuɗi ba ta fita zargi ba. 'Yan ajin ƙarshe na jere a baya. Aka fito da Na'iya an ɗaure masa hannu ta baya da igiya, leɓensa a fashe. Ashe ba a jira Litinin ɗin ba aka fara tambayar.

"Kwalba ba ta fito ba," in ji Shafi'u. "Alkawari ya cika, mu za mu tafi da shi."

Malama ta ɗago za ta yi magana, Maccido ya riga ta. Ya shiga tsakiyar fili, ya zaro kwalbar daga aljihu ya aje a kan tabarma.

"Ga ta. Ba ta tafi Kebbe ba, ba ta shiga daji ba. Garkena nis same ta."

Ya ba su labarin zanen da ke kan kanta, Malama ta zana shi a ƙasa da tsinke, ta nuna inda maruƙa biyu suka ɓace da yadda hakan ya kai hannu ga kwalbar da ba ita ba. Wasu sun gane, wasu sun gyaɗa kai don kada a ce ba su gane ba. Shafi'u ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, suna yake so.

"Ni ta." Ni'imatu ce ta fito daga layi. "San gidanmu nis so in yi ma magani."

Nan take fili ya kaure. Masu cewa tun farko sun san ba Na'iya ba ne suka fi kowa yawa, ciki har da waɗanda na gani da idona suna jifan ɗakin gadi ranar Asabar. Malam Attahiru ya tsawatar, ya ce maganar yarinya ta makaranta ce, kwamiti zai zauna. Malama ta ce in za a hukunta yarinyar a haɗa da ita, domin ita ta yi wa yara tallan maganin tsutsa ba ta gaya musu haɗarinsa ba.

"Ban gama ba," in ji Maccido. Wannan karon bai ɗaga murya ba, sai da aka matso. "Ran Asabar na ga sawun bawan Allah wanga bai hau taga ba. Na gani tun ina tsugune. Kuna kallona, niƙ ƙi in tashi in ce ban sani ba. Ba kuskure niy yi ba, sani nis sani."

Ba wanda ya yi masa jinjina. Shafi'u ya juya ya yi wa yaransa alama, suka fice ba wanda ya tsaya kwance igiyar da suka ɗaura. Maccido ne ya je bayan Na'iya ya durƙusa. Ƙullin ya cije, hannun tsohon ya kumbura ya haɗiye igiyar, sai da ya sa wuƙa a hankali. Yana yanka yana cewa, "Ka gafarce ni, Na'iya. Don Allah ka gafarce ni."

Na'iya ya daɗe yana murza wuyan hannunsa. Ya ɗago ya nemi Ni'imatu da ido.

"Ke ɗiyata, bar kuka, na yafe miki. Dabba kij ji ma tausai." Ya ciro mabuɗin ƙofar makaranta daga wuyansa da ƙyar, yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, ya miƙa wa Malam Attahiru. "Ranka shi daɗe, a nemi wani. Shekarun da niy yi bakin ƙofag ga, ban samu mutum guda da zai ce ba halinai na ba."

Malam Attahiru ya fara ba shi baki, Atu ya riga ya kama masa hannu. Maccido ya sha gabansu.

"Bari in kai ka gida bisa babur. In tsaya gaban mutanen Kebbe in faɗi abin da nif faɗi nan."

"Ka zo ka faɗi, don ɗiyana," in ji Na'iya. "Amma ba ni hawa bayanka. Yarinya ba ta sani ba tay yi, malamarta ta gyara mata. Kai da kas sani, mi za a gyara maka?"

Ya ɗauki butarsa, Atu ya riƙe shi suka nufi tasha. Jama'a suka watse, yara suka koma aji. Maccido na nan tsaye a gindin bishiyar da guntun igiya a hannunsa har aka kaɗa ƙararrawar tara.